Yadda Na Leƙa Abin Da Na'urorin Gidana Ke Aikawa Ta Intanet

Na'urorin da ke hawa intanet a gidana sun yi yawa har na daina sanin wace ce ke magana da wa. Ga talabijin, ga kyamarar tsaro, ga wani soket da ake kunnawa daga waya, ga firinta, ga wayoyin mutanen gida. Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne labarin kamfanin Vizio na Amurka, wanda a shekarar 2017 ya amince ya biya dala miliyan 2.2 bayan hukumar kare masu sayayya ta FTC da jihar New Jersey sun tuhume shi da tattara bayanan abin da mutane ke kallo a talabijin miliyan 11 ba da saninsu ba. Sai na ce bari in ga nawa da idona. Na rubuta wannan ne don duk wanda zai bi hanyar nan ya san inda ake makalewa, saboda yawancin bayanan da na karanta sun tsaya ne a daidai inda wahalar ke farawa.

Furoksi manhaja ce da ke tsayawa tsakanin na'ura da intanet, duk abin da na'urar ta nema sai ya bi ta hannunta. A waya ko kwamfuta akwai wurin da za ka rubuta adireshin furoksi da kanka. Soket da kyamara ba su da wannan wurin, talabijin da yawa ma haka. Shi ya sa ake yin ɓoyayyen furoksi: ba ka gaya wa na'urar komai, kai ne kake karkatar da hanyarta ta yadda za ta faɗa hannun furoksin alhali tana ganin da saba ta ainihi, wato kwamfutar da take nema a intanet, take magana. Wannan yana nufin dole kwamfutar da furoksin ke kanta ta zama ita ce ƙofar da na'urar ke bi ta fita. Wasu suna koyar da yin hakan ta hanyar yaudarar na'urori da saƙonnin ARP na bogi, irin saƙonnin da na'urori ke gane juna da su a kan hanya ɗaya. Ban bi nan ba. Hanyar masu kutse ce, tana yawan yankewa, kuma tana iya dagula wa duk gidan intanet. Na gwammace in buɗe wata 'yar Wi-Fi ta daban, in riƙa ɗauko na'ura ɗaya-ɗaya ina ɗora ta a kai.

Kafin in taɓa komai na tara mutanen gida na yi musu bayani. Ƙanena ya ce, "Yaya, wato yanzu duk abin da na rubuta a waya za ka karanta?" Na ce masa wayarsa ba za ta hau wannan Wi-Fi ɗin ba sam, wayoyina biyu ne kaɗai, Android da iPhone, da na'urorin da ba na kowa ba. Wannan ba maganar ladabi ba ce kawai. Leƙa sadarwar wani ba da izininsa ba laifi ne a dokokin ƙasashe da dama, ko da kai kake biyan kuɗin intanet ɗin.

Kayan aikin ba su da yawa. Ina da wata 'yar ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi 4, da ke ajiye, da katin ajiya, da kebul ɗin da zai haɗa ta da rautar gida. Manhajojin duk kyauta ne, abin da na kashe da gaske lokaci ne, yawanci da daddare bayan kowa ya kwanta. Na ɗora mata Linux, na jona ta da rauta ta kebul, wato ɓangaren eth0, sannan na mai da Wi-Fi ɗinta, wlan0, ya zama mai karɓar na'urori ta amfani da manhajar hostapd. Nan na fara cin karo da turjiya: Wi-Fi ɗin ya ƙi tashi, ashe a kulle yake har sai an saka lambar ƙasa a saitin. Bayan ya tashi kuma soket ɗin ya ƙi ganinsa. Ƙananan na'urori masu araha da yawa ba su san zangon 5 GHz ba, sai na 2.4 GHz, don haka tun farko ka buɗe a can. Daga nan na saka manhajar dnsmasq ta riƙa raba adireshi daga jerin 192.168.50, ta kuma riƙa amsa tambayoyin DNS, wato tambayar da na'ura ke yi don sanin adireshin wani suna a intanet. Na kunna tura bayanai da net.ipv4.ip_forward=1, na saka dokar MASQUERADE a iptables, manhajar Linux mai tsara hanyar da bayanai ke bi, don abin da ya fito daga wlan0 ya fita ta eth0. Shawarata a nan ita ce kada ka saka furoksi tukuna. Ɗora wayarka, ka buɗe shafuka, ka kalli bidiyo, ka tabbatar intanet na tafiya lafiya. In ka haɗa komai lokaci guda abu ya lalace, ba za ka san ta ina za ka fara nema ba.

A wannan matakin, tun furoksi bai shigo ba, na ga abin da ya fi komai amfani a duk aikin. A saitin dnsmasq akwai log-queries, wanda ke rubuta duk sunan da na'ura ta tambaya. Na ɗora talabijin, na buɗe rajistar, na zauna ina kallo. Ban taɓa rimot ba, amma layuka sai zubowa suke: sunan sabar lokaci, sunan sabar sabunta manhaja, sai wasu sunaye da ko ba a faɗa maka ba ka san na talla ne da na auna ɗabi'ar mai kallo. Na kashe shi da rimot, allon ya yi baƙi, 'yar jar fitilar nan ta kama. Layukan suka ragu amma ba su tsaya ba, lokaci-lokaci sai wani ya faɗo. Sai da na zare shi daga wuta sannan rajistar ta yi tsit. Gaskiya jikina ya yi sanyi, ba don na ga wani mugun abu ƙarara ba, sai don na gane ashe abin da nake kira kashewa ba kashewa ba ne.

Sai furoksin kansa. Na zaɓi mitmproxy, wadda aka rubuta da Python, kuma tana zuwa da fuska uku: mitmproxy ta tagar umarni, mitmweb ta burauza, da mitmdump da ke iya zuba komai a fayil ba tare da fuskar sarrafawa ba. Wadda ke cikin rumbun manhajojin Linux sau da yawa tsohuwa ce, don haka na ɗauko ta da pipx, manhajar saka kayan Python. An ɗan jima ana jira kafin ta gama sauka a 'yar kwamfutar nan. Tana sauraro a ƙofa ta 8080 (ƙofa a nan lamba ce da ke bambanta irin sadarwa, 80 da 443 su ne na shafukan yanar gizo), saboda haka aikin iptables shi ne ta kama duk abin da ya shigo ta wlan0 yana neman ƙofa ta 80 ko ta 443, ta juya shi zuwa 8080. Dokar ita ce iptables -t nat -A PREROUTING -i wlan0 -p tcp --dport 443 -j REDIRECT --to-port 8080, sai a maimaita ta da 80. Linux tana riƙe asalin adireshin da na'urar ta nufa, furoksin kuma yana tambayarta, ta haka yake sanin inda zai kai saƙon. Na tayar da shi da mitmproxy --mode transparent --showhost. Wannan na ƙarshen kada ka manta da shi, in ba haka ba lambobin IP tsura za ka riƙa gani maimakon sunaye. Ka kuma sani dokokin iptables suna gogewa da zarar kwamfutar ta sake tashi, sai dai in ka adana su. Ni na bar su haka da gangan, don in abu ya cakuɗe in kashe in kunna komai ya koma yadda yake.

Layi na farko da ya bayyana bayan na ɗora wayata ya ba ni dariya. Wayar Android da zarar ta hau Wi-Fi sai ta aika tambaya a buɗe zuwa connectivitycheck.gstatic.com, aka amsa mata da lamba 204, wato babu komai a ciki. Da wannan take gane ko akwai intanet na gaske ko kuwa shafin shiga irin na otal ne ya tare ta. iPhone ma tana yin irin haka da captive.apple.com. Ganin wannan ya tabbatar mini hanyar ta karkata daidai. Amma ina buɗe burauza sai gargaɗi ya cika allo cewa haɗin ba amintacce ba ne, manhajoji kuma suka riƙa juyawa babu abin da ke buɗewa.

Dalilin shi ne HTTPS. Kusan duk abin da ke bi ta ƙofa ta 443 a kulle yake, kuma kafin a fara magana saba tana nuna takardar shaida mai ɗauke da sa hannun wata hukuma da na'urar ta yarda da ita. Furoksi kamar mai gadi ne da ke buɗe wasiƙa a bakin ƙofa, ya karanta, ya sa ta a sabon ambulan ya buga nasa hatimin. In mai karɓa bai san hatimin ba, zai ce a mayar. A karon farko da mitmproxy ta tashi tana ƙirƙirar nata hatimin a cikin jakar .mitmproxy, kuma aikinka ne ka sa na'urar ta yarda da shi. An sauƙaƙa wannan: daga na'urar da ke bi ta furoksin ka buɗe mitm.it, za ka ga wurin sauke takardar. In shafin ya ce maka ba ta furoksi kake bi ba, to koma kan iptables, matsalar tana can. A Android na sauke takardar, na shiga saitin tsaro na saka ta da hannu, wayar ta ja mini kunne cewa ana iya sa ido a sadarwata. A iPhone mataki biyu ne, kuma na biyun ne mutane ke tsallakewa: bayan ka saka takardar sai ka je can ƙasan shafin bayanin waya, wurin amincewa da takardun shaida, ka kunna mata cikakkiyar yarda. Tun iOS 10.3 haka abin yake.

Burauza ta buɗe, na ga komai tsirara: adireshin shafi, kukis (ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa don ya gane ka), abin da aka aika, abin da aka dawo da shi. Shafin labarai ɗaya tak na buɗe, allon ya cika da buƙatu zuwa kamfanonin da ban taɓa jin sunansu ba. Na ji daɗi, na ɗauka an gama. Ashe da sauran rina a kaba. Manhajojin Android suka ci gaba da ƙin aiki. Tun Android 7, wadda ta fito a 2016, manhajoji ba sa yarda da takardar da mai waya ya saka da kansa sai in wanda ya rubuta manhajar ya ba da dama. Chrome tana yarda, shi ya sa burauza ta yi aiki, sauran kuwa sai takardun da suka zo da wayar. A iPhone manhajoji da yawa sun buɗe, amma na banki da wasu manya sun ƙi, saboda an dasa musu ainihin takardar sabarsu a ciki, ba sa karɓar wata ko da wayar ta amince da ita. Akwai hanyoyin karya wannan, ta hanyar buɗe tushen waya ko sake ƙulla manhajar. Ban yi ba. Wayar da nake hulɗar kuɗi da ita ba wurin gwaji ba ce, kuma ba manhajojin waya ne suka kawo ni ba.

Akwai wani abu da ya ɗaure mini kai a tsakani. Ina kallon bidiyo a waya, yana tafiya sumul, amma furoksi bai nuna ko layi ɗaya ba. Na buɗe tcpdump, manhajar da ke nuna duk abin da ke wucewa, a kan wlan0, sai ga bayanai suna kwarara ta ƙofa ta 443, amma ta UDP, wata hanyar aika bayanai daban da TCP da aka saba. Wannan ita ce QUIC, wadda aka tabbatar da ƙa'idarta a 2021, kuma a kanta HTTP/3, sabuwar sigar yaren shafukan yanar gizo, ke tafiya. Dokokina na TCP ne kawai, don haka ta gefe take wucewa abinta. Maganin mai sauƙi ne: na saka doka a sarƙar FORWARD ta iptables, wadda ke kula da abin da ke ratsawa ta kwamfutar, ta ƙi duk UDP mai neman 443. Da burauzar ta ga an rufe, sai ta koma TCP da kanta, layuka suka dawo. Wanda hanyarsa ke raba adireshin IPv6, sabon tsarin da ya biyo bayan IPv4, shi ma zai ga irin wannan ɓatan dabo, sai ya maimaita dokokin a ip6tables. Ni ban gamu da shi ba tunda 'yar Wi-Fi ɗina IPv4 kaɗai take rabawa.

Yanzu sai na'urorin da suka sa na fara aikin, kuma a nan ne tunanina ya juya. Talabijin babu inda za ka saka masa takarda. Ina kunna karkatarwar sai manhajojinsa suka mutu, ya ce babu intanet. Na danna E a mitmproxy don ganin rajistar abubuwan da ke faruwa, ga saƙo nan yana ta maimaituwa cewa gaisuwar TLS, wato matakin farko na kulle sadarwar, ta watse, na'urar ba ta yarda da takardar furoksi ba. Da farko raina ya ɓaci, na ga kamar aikin banza na yi. Daga baya na fahimci talabijin ɗin daidai ya yi. Abin da nake yi masa shi ne ainihin abin da ɓarawon bayanai zai yi, kuma ya ƙi. Firinta ita ma ta ƙi. Kyamara kuwa ko kallon furoksin ba ta yi ba, don yawancin maganarta ta UDP take yi a ƙofofi masu manyan lambobi, ba ta shafukan yanar gizo ba.

Soket ɗin ne ya ba ni tsoro. A ƙofa ta 80 da 443 kusan shiru yake, amma tcpdump ta nuna yana riƙe da haɗi guda a ƙofa ta 8883, wadda ita ce ta MQTT mai kulle, yaren da ƙananan na'urori da yawa ke yi da sabarsu. Na ƙara doka na juya wannan ƙofar ita ma zuwa furoksi, na zare soket ɗin na mayar don ya sake haɗawa, ina jiran in ga saƙon ƙi kamar na talabijin. Bai zo ba. Soket ɗin ya karɓi takardar bogi ba tare da na saka masa komai ba, sai ga saƙonninsa a gabana: lambar shaidarsa, sigar manhajarsa, sunan Wi-Fi ɗin da yake kai. Na danna kunnawa a waya, na ji ƙas a bango, a daidai lokacin ga umarnin ya bayyana a allo. Yana kulle saƙo, amma ba ya duba wanda yake miƙa wa, ke nan duk wanda ya samu tsayawa a kan hanyarsa zai karanta, zai kuma iya canzawa. Na'urar da ta bari na gani ita ce mai matsala, waɗanda suka hana ni su ne lafiyayyu. Babu wanda ya faɗa mini wannan a duk abin da na karanta kafin in fara.

Ga waɗanda suka ƙi, ba a rasa abin gani. Na sa furoksi ya ƙyale su da --ignore-hosts, ko kuma in cire karkatarwar gaba ɗaya, in naɗi zirga-zirgar da tcpdump a fayil, in buɗe a manhajar Wireshark mai nazarin irin wannan fayil. Ko da TLS 1.3, wadda ta fito a 2018 ta kuma ɓoye takardar saba, sunan sabar da na'ura ke nema yana tafiya a buɗe a saƙon farko na gaisuwa, abin da ake kira SNI. Da matatar tls.handshake.extensions_server_name sai ga jerin sunayen. Ka haɗa wannan da lokaci da yawan bayanan da aka tura, za ka san da wa na'urar ke magana, yaushe, kuma nawa take aikawa, ko da ba ka san me ta ce ba. Akwai sabon tsari mai suna ECH da ke ɓoye har wannan sunan, amma a na'urorina sunayen a fili suka fito. A nan ne kuma na lura wasu sunaye suna cikin SNI amma babu su a rajistar dnsmasq. Ashe ɗaya daga cikin na'urorin ta yi watsi da DNS ɗin da na ba ta, tana tambayar 8.8.8.8, DNS ɗin Google, kai tsaye. Na juya duk abin da ke neman ƙofa ta 53, wadda ita ce ta DNS, zuwa dnsmasq, ta dawo layi. Wadda ke tambayar DNS ta cikin HTTPS kuwa wannan dabarar ba ta kama ta.

Da zan ba wa wani tsari, sai in ce ya fara da rajistar DNS da SNI, ya zauna da su sosai, don su ne za su amsa yawancin tambayoyinsa ba tare da ya lalata komai ba. Furoksi ya zo daga baya, a matsayin gwaji: wace na'ura ce za ta karɓi takardar bogi? Ya riƙa ɗora na'ura ɗaya a lokaci guda, kuma ya fara naɗa tun kafin ya jona ta da wuta, saboda a daƙiƙun farko na tashi suka fi surutu. Ya rubuta adireshin MAC na kowace, wato lambar shaidarta a kan Wi-Fi, amma ya tuna wayoyi tun Android 10 da iOS 14 suna ƙirƙirar na bogi ga kowace Wi-Fi. In kuma waya ce kaɗai damuwarsa, ba ya buƙatar duk wannan ginin: tun siga ta 9 a 2022 mitmproxy tana da yanayin WireGuard, wata manhajar VPN, a ɗauki hoton lambar QR da waya, shi ke nan.

Kwashe kaya ma aiki ne, kada a yi masa riƙon sakainar kashi. Na cire takardar daga wayoyin biyu. Na goge jakar .mitmproxy, domin fayil ɗin mitmproxy-ca.pem yana ɗauke da mabuɗin sirri, kuma duk wanda ya same shi alhali takardar tana kan wayata zai iya yi mini abin da na yi wa soket. Fayilolin da na naɗa su ma na goge su, cike suke da kukis ɗin shiga asusuna. Dokokin karkatarwa na cire su, amma 'yar Wi-Fi ɗin na bar ta, talabijin da kyamara da firinta suna kanta, nesa da wayoyi da kwamfutocin gida. Sunayen talla da na gani a rajista na toshe su a dnsmasq ɗaya bayan ɗaya, ina gwadawa bayan kowane, don akwai wanda ina toshe shi manhajar kallo ta ƙi buɗewa, dole na sake shi. A saitin talabijin na lalubo wurin gane abin da ake kallo, a binne cikin sharuɗɗan amfani, na kashe. Soket ɗin kuwa na duba ko akwai sabuwar manhaja, babu, na rubuta wa kamfanin ban samu amsa ba, don haka na hana shi fita intanet gaba ɗaya da doka guda a sarƙar FORWARD. Yanzu da maɓallin jikinsa ake kunna shi.